Takardar tambayoyin da ban fito da ita daga jaka ba

Asabar, da dare.

Barcin jiya rabi da rabi na yi shi. Umma ce ta kira ni muryarta na rawa, ta ce in je in raba ƙanwata da "mutanen nan" ko ta halin ƙaƙa. Wata bakwai ke nan da yarinyar ta shiga wata ƙungiya mai koyar da abin da suke kira ilimin ɓoye. Ta Zoom suke haɗuwa, a yi zaman shiru, a yi ta sarrafa numfashi. Matakai tara gare su, kuma wanda ke na biyu bai san me ake karantarwa a na uku ba. Shugabansu "Jagora" kawai suke ce masa.

Na san halina. In na tafi da zafin kai faɗa za mu yi, ta rufe min ƙofa, shi ke nan an yi ba a yi ba. Don haka da safe na zauna da biro da takarda, na koma kan abin da na kwana biyu ina karantawa.

Abin da ya fara hana ni sukuni shi ne labarin ƙungiyar Solar Temple. Su ma da sirri da matakai suka fara, kuma mabiyansu ba jahilai ba ne, akwai masu ilimi da masu hannu da shuni. Shugabansu Joseph Di Mambro har dabarun haske yake sa a haɗa, mabiya su ɗauka wasu halittu ne suka bayyana musu. A watan Oktoban 1994 mutum 53 suka mutu a Suwizalan da Kanada, zuwa 1997 adadin ya kai 74. Da na tuna wannan sai da na ajiye biron.

Amma na tilasta wa kaina duba ɗaya gefen. Eileen Barker, malamar nazarin zamantakewa a Landan, ta bi diddigin waɗanda cocin Sun Myung Moon, wani mai wa'azi ɗan Koriya, ke gayyata taronsa, ta samu kusan tara cikin goma ba su shiga ba, waɗanda suka shiga kuma yawancinsu sun fice da ƙafarsu cikin shekara biyu. Ashe ba duk wanda ya leƙa ke faɗawa ba. Kuma sirri shi kaɗai ba laifi ba ne, tun fil azal akwai hanyoyin tarbiyyar ruhi da ba sa ba sabon shiga darasin manya.

Wanda ya fi yi min amfani shi ne Robert Lifton, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka da ya yi hira a Hong Kong da mutanen da aka tsare a ƙasar Sin aka nemi sauya musu tunani. A 1961 ya fitar da alamomi takwas na yadda ake juya tunanin mutum. Ba ruwansu da ko aƙidar gaskiya ce ko shirme, yadda ake riƙe mutum da ita suke dubawa: wa ke yanke wanda za ki yi magana da shi, ana sa ki tona asirin kanki, akwai kalmomin da ake jefa miki don tambaya ta mutu a baki, me ake cewa game da wanda ya fita. Na rubuta tambayoyi goma sha ɗaya, na ninke takardar na sa a jaka.

Da yamma na same ta. Ta rame kaɗan, amma fara'arta na nan. Tana ganina ta ce, "Yaya, Umma ce ta turo ki ko?" Na ce eh, ƙarya ba ta da amfani. Na ce mata ban zo gardama kan abin da ta yi imani da shi ba, so nake ta ba ni labarin yadda makonta ke tafiya.

Abubuwan da suka kwantar min da hankali sun fi yadda na zata. Tana zuwa aikinta. Wayarta ba mai duba mata. Ƙawayenta na makaranta suna nan. Har ta kwaikwayi yadda Jagoran ke jan magana kamar mai jin barci, muka yi ta dariya. Na ji daɗin wannan dariyar ƙwarai, domin wanda aka gama da shi ba ya iya yi wa shugabansa tsiya.

Sai kuma sauran suka fara fitowa, ita da kanta, ba tare da ta ga komai a cikinsu ba. Ƙarfe uku na dare suke tashi zama, sau huɗu a mako, wai lokacin ne "ƙofa ke buɗe". Kuɗin kowane mataki ya fi na baya, kuma ba a gaya maka na gaba sai ka iso bakinsa. Duk mako tana rubuta abin da suke kira wankin zuciya, ta zayyana duk abin kunyar da ta yi ko ta raya a ranta, ta tura wa wata mata da ke sama da ita, "mai riƙon hannunta". Na ce ina rubutun ke zuwa bayan an karanta? Ta yi shiru. Ta ce ba ta taɓa tambaya ba. Nan gabana ya faɗi, don na tuna Keith Raniere, shugaban wata ƙungiya mai suna NXIVM, wanda aka yanke wa shekara 120 a Amurka a 2020. Matan da ke ƙarƙashinsa asirinsu suke miƙawa a matsayin jingina, da shi ake ɗaure su.

Na ce, "To in kika ce ba ki yarda da wani darasi ba fa?" Ta ce sai a ce mata, "Tsohuwar ke ce ke magana." Yadda ta faɗe shi, kamar karatun da aka haddace, shi ya fi komai tsaya min a rai. Da wannan jimla ɗaya kowace tambaya ta zama shaidar cewa mai tambayar ce ke da matsala.

Ta taɓa ƙin zuwa wani taronsu na kwana uku. Ba wanda ya zage ta. Mai riƙon hannun nata dai ta daina amsa saƙonta har kwana huɗu, sai da ta ba da haƙuri. Akwai kuma wata da suka shiga tare, ta fita wata biyu da suka wuce. Aka ce musu "ta koma barci", kowa ya goge lambarta don kada nauyinta ya ja su ƙasa.

Wallahi bakina ya cika da magana. Na so in ce ta zaɓa, ko mu ko su. Sai na ga ai abin da nake zargin su da shi ke nan, in ja zumunci in mayar da shi igiya. Na haɗiye. Abu biyu kawai na roƙa: ta tambaye su a rubuce nawa ne kuɗin matakan duka, da kuma wa ke ajiye rubutun nan nata, sannan ta lura da yadda za su karɓi tambayar. Ta ce, "Yaya, ke ma dai da bincike." Ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba.

Da na dawo Umma ta kira. Tambayarta ta farko: "Suna dukanta ne?" Na ce a'a. Ta ce to alhamdulillahi. Na yi ƙoƙarin nuna mata cewa ana iya danne mutum ba tare da an taɓa jikinsa ba, har Ingila ta mayar da irin wannan juya mutum laifi a 2015, da ɗaurin da zai iya kai shekara biyar, ko da yake tsakanin ma'aurata, masoya da dangi dokar ta tsaya. Ta ce ita ba dokar Ingila ta tambaye ni ba, mutanen banza ne ko na kirki? Na ce ban gama sani ba, amma na ga abubuwa uku da ba na so, kuma don Allah kada ta yi mata barazanar komai. Ba ta ji daɗin amsar ba, ta kashe waya ba sallama.

Ina cikin rubuta wannan saƙon ƙanwata ya shigo. Ta ce, "Yaya, lambar yarinyar nan fa ban goge ba. Sunan kawai na canza."