Tuƙin tarakta a gonar da yara ke yawo

Mutanen unguwarmu a Aboabo, cikin Kumasi ta ƙasar Ghana, in sun ji ina aikin tarakta a wata gonar koyarwa can hanyar Ejisu, gani suke zama ne kawai kan kujera ana murza sitiyari. Wallahi tuƙin shi ne mafi ƙanƙanta a ciki.

Kafin a tada injin sai an duba baƙin mai, ruwan lagireto, iskar taya, a bi kowane gaɓa da giris, lokacin hunturu kuma filtar iska kullum sai an kakkaɓe ta don ƙura ba ta da mutunci. Dizal da yamma muke cikawa ba da safe ba, saboda tankin da ya kwana rabi yana tara raɓa a ciki, ruwa ya gauraya da mai. Wannan Masta ne ya koya mini, tsohon fita ne, wato makaniki, da ya yi zamani a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, shi da jin ƙarar tarakta ƙirar Massey Ferguson daga nesa zai ce maka ɗana kashe ta, ta sha iska.

Amma abin da ya bambanta gonarmu da gonakin garin Ejura shi ne yara. Bas na sauke 'yan makaranta wajen ƙarfe tara, don haka duk wani yankan ciyawa ko jan tirelar taki dole a gama kafin nan. Suna shigowa a sauke garma har ƙasa, a ja birki, makulli ya shiga aljihu. Sandar nan mai juyawa a bayan tarakta, wadda ke tuƙa injin yankan ciyawa, tana yin zagaye 540 a minti ɗaya, wato tara a daƙiƙa, kuma yaranmu da yawa da hijabi ko doguwar riga suke zuwa, in ta kama bakin tufa babu wanda ke da saurin da zai ƙwace. Ni kaina na daina sa jallabiya a wurin aiki, ko ranar Juma'a sai na tashi nake canjawa.

Kuma yaro ba ya jin lacca, kallonka yake. Ka yi awa guda kana cewa kujera ɗaya ce, mutum ɗaya ne, in ya ga ka ɗauki abokin aiki a kan madigadi sau ɗaya tak shi ke nan, abin da zai kai gida ke nan. A kan titi kowa na yi, mutum biyar a manne da tarakta har da buhu, a nan ko Masta da ƙafa yake bin bayana. Wasu malaman ma sun fi yaran rigima, sai sun hau a ɗauke su hoto.

Sai batun haƙuri da ƙasa. Damina biyu gare mu a nan, babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma in ruwa ya kwana yana zuba hannu ƙaiƙayi yake a shiga da garma. Ba a shiga. Nauyin tarakta na danne jiƙaƙƙiyar ƙasa ta taƙure, saiwar masara ta kasa ratsawa. Mukan ba yara su dunƙule ƙasa a tafin hannu, in ta manne ba ta wargaje ba to yau babu huɗa. Ranar sai mu koma juya takin kaji da shebur, ko mu bi masararmu, irin da ake kira Obatanpa, ganye-ganye muna neman tsutsar nan da ta addabi manoma tun 2016, yaran kuwa wannan farautar ta fi musu komai daɗi.