Ƙarshen Titin M: Wuni Guda da Matuƙan Kogin Anacostia

Duk baƙon da ya sauka Washington, in za a nuna masa ruwa, Potomac ake kai shi. Can ake ɗaukar hoto, can jiragen 'yan yawon buɗe ido ke kai da kawo. Amma birnin koguna biyu gare shi. Na biyun, Anacostia, gajere ne, bai kai kilomita 15 ba daga Bladensburg ta jihar Maryland zuwa inda yake zuba a Potomac, kuma shi ya raba tsakiyar birni da unguwannin gabas, inda galibin mazauna baƙar fata ne. Ni kuwa mutumin Yawuri ne, in na je gari ban ga bakin ruwansa ba, ji nake ban je ba. Da ɗan yayata da ke zaune a Maryland ya ambata cewa akwai wani tsohon kulob na baƙaƙen fata masu jiragen ruwa a bakin wannan kogi, kuma mahaifin abokin aikinsa ɗan kulob ɗin ne, sai na ce ya ajiye batun fadar shugaban ƙasa, mu fara da nan.

"Kawu, ba wurin baƙi ba ne fa," in ji shi. "Babu abin kallo, jirage ne kawai da tsofaffi."

Na ce ai su nake nema.

Ranar wata Asabar da hantsi muka biyo Titin M daga wajen filin wasan ƙwallon gora da aka buɗe a 2008. Nan unguwar duk sabbin benaye ne na gilashi, da gidajen abinci, da matasa masu jan karnuka. Muka wuce katangar tsohon sansanin sojan ruwa, muka bi ta ƙarƙashin gadoji, sai titin ya tsuke ya koma kamar ba a babban birnin Amurka kake ba. Layin dogo a hagu, itatuwa da ciyawa, kogi a dama yana leƙowa ta tsakanin shinge. Kulob-kulob na masu jirage na jere ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshensu, dab da gadar jirgin ƙasa, inda kwalta ta ƙare, shi ne Seafarers Yacht Club.

Wanda muka zo wurinsa ba mu ga fuskarsa ba da farko, ƙafafunsa muka gani. Ya kifa cikin ramin injin jirginsa, sifana a hannu, yana faɗa da wani noti da tsatsa ta cinye. Da ya ɗago, dattijo ne da furfura, hular matuƙa a kansa, hannunsa baƙi ƙirin da bakin mai. Ya miƙo mini gwiwar hannu maimakon tafi, ya kira ni ɗan'uwa, ya ce in riƙe masa tocila. Haka gaisuwarmu ta kasance. Kafin notin ya kwance na ji rabin tarihin wurin, sauran rabin kuma yana manne a bangon zaurensu, cikin tsofaffin hotuna.

Abin ya faro ne daga wani malamin makaranta, Lewis T. Green, wanda ke koyar da aikin kafinta a makarantun gwamnati na baƙaƙen fata a Washington. Mutum ne mai sassaƙa jirage da hannunsa a lokacin hutu. Ya ƙera wani mai tsawon ƙafa 49, ya sa masa suna Valeria, sai ya rasa inda zai ɗaure shi. A wancan zamani na wariyar launin fata, matsayar jirage da kulob-kulob na bakin ruwa duk na farar fata ne. Baƙar fata na iya wanke jirgi, ya yi masa fenti, ya dafa abinci a ciki, amma ba ya ɗaure nasa a gefen na wani. Green ya hango wani fili a bakin Anacostia ya nemi haya daga Ma'aikatar Cikin Gida, wadda a Amurka ita ke riƙe da filaye da gandun gwamnatin tarayya, ba irin tamu mai fasfo da gidan yari ba. Shiru. Sai da maganar ta kai kunnen Mary McLeod Bethune, malamar nan da ta kafa makaranta a Florida a 1904 kuma ta zama mai bai wa Shugaba Franklin Roosevelt shawara. Ita ta kai wa ƙawarta Eleanor Roosevelt, maganar ta isa teburin Harold Ickes, sakataren ma'aikatar, aka ba da haya. A 1945 kulob ya tsaya.

Ku duba wannan layi da kyau. Don malamin kafinta ya samu wurin ɗaure jirgin da ya ƙera da guminsa, sai da aka bi ta kan fitacciyar mace baƙar fata ta zamanin, da matar shugaban ƙasa, da minista. Kuma me aka ba shi bayan duk wannan? Fadama. Taɓo da sauro a ƙarshen hanya, gefen layin dogo, wurin da babu mai so. Su suka cike ta da ƙasa, suka kafa turaku, suka shimfiɗa katakon da muke tsaye a kai. Aikin gayya ne sosai, irin wanda kowa ke zuwa da fartanyarsa, sai dai su guduma da zarto suka zo da su. Daga baya, a 1965, suka haɗe da wani kulob na baƙaƙen fata mai suna D.C. Mariners, suka ɗauki sunan da suke amsawa yau. Ana yawan kiransa kulob mafi daɗewa na baƙaƙen fata masu jiragen shaƙatawa a Amurka. Akwai wani mai irin sunan a Annapolis, da aka kafa a 1959, amma kowa zaman kansa yake.

Kafin in je, na ɗauka zan tarar da attajirai ne, saboda a kunnenmu jirgin shaƙatawa kayan masu kuɗi ne. Wanda na zanta da su kuwa mutanen albashi ne da fansho: wanda ya yi aikin gidan waya, wanda ya yi soja, wanda ya ja motar bas. Jiragen ma yawanci sun kwana biyu, an saye su na hannu, ana lallaɓa su da faci da addu'a. Suna da shugaba da suke kira kwamado, da mataimakansa, da ma'aji, da taron wata-wata, da kuɗin ƙungiya, kuma na lura ana girmama waɗannan muƙamai ba da wasa ba. Mutanen da aka hana wa muƙami a waje, sun gina wurin da za a kira su da nasu.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya dattijon ya dubi wayarsa, ya dubi wani turke da ke cikin ruwa, ya ce mu yi maza. A nan na fahimci abin da ke damunsu. Anacostia na bin numfashin teku, ruwa na cika ya janye sau biyu a yini, bambancin ya kai kamar ƙafa uku. In ya janye, jiragen da ke matsayar Seafarers kan zauna daɓas a kan laka. Ba ka fita sai ruwa ya cika, kuma dole ka dawo kafin ya tafi. Mutum ya mallaki jirgi, ya biya mai, ya biya haya, amma kogi ke gaya masa lokacin fita.

Bai tayar da inji ba sai da kowa ya sa rigar kariya ya ɗaure ta. Ɗan yayata ya ce ya iya ruwa, tsohon ko kallonsa bai yi ba, ya miƙa masa rigar. Abin ya sosa mini rai, don na san adadin gidajen da na shiga ta'aziyya a gefen Neja saboda rashin wannan 'yar riga.

Muka ja da baya a hankali, farfela na tayar da baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ganye, har muka samu hanyar ruwa. Sama babu zuwa ga jirgi irin nasa, gadar jirgin ƙasa ta yi ƙasa da yawa, don haka muka gangara. Muka shige ƙarƙashin gadar Sousa. Wani zalɓe na tsaye a kan kututture bai ko motsa ba, shaho mai cin kifi na shawagi sama. A hagu akwai filin shaƙatawa na Anacostia, koren ciyawa da mutane na gasa nama. Dattijon ya nuna da haɓa ya ce can ne wurin ninkayar da aka yi rikici a 1949, lokacin da yara baƙar fata suka shiga ruwan, aka yi ta dambe har gwamnati ta rufe wurin. Shekara huɗu ke nan bayan kafa kulob ɗin, kuma daga matsayarsu kana hango wajen. Can bisa tudu, cikin itatuwa, gidan Frederick Douglass yake, bawan da ya tsere ya zama babban mai yaƙi da bauta, inda ya rasu a 1895. Sabuwar gada mai bakuna da aka buɗe a 2021 ma sunansa ta ci.

Lakar nan tana da tarihi, kuma ya girmi kulob ɗin nesa ba kusa ba. A ƙarni na 18 Bladensburg tashar jiragen teku ce, manyan jirage na hawowa har can su ɗauki ganyen taba zuwa Ingila. Gonakin tabar, da bayi ke nomawa, su suka cinye dazuzzukan gefen kogi, ruwan sama ya riƙa kwaso ƙasa yana zubawa a ciki, kafin tsakiyar ƙarni na 19 tashar ta mutu. Daga baya birni ya ɗora nasa: masana'antu, juji, da tsofaffin magudanai da ke haɗa ruwan sama da na bayan gida, in an yi ruwa mai ƙarfi su amayo komai cikin kogi. A 1971 aka haramta ninkaya a kogunan birnin. Wato ƙasar da kakanninsu suka nome a matsayin bayi, ita ce yau ke kwance ƙarƙashin jiragensu tana hana su fita. Ban faɗa masa haka ba. Ya fi ni sani.

Abin da ya fi alfahari da shi ba batun Eleanor Roosevelt ba ne, batun shara ne. A 1985, lokacin da hukuma da jama'a duk sun juya wa kogin baya, 'yan Seafarers suka fara fita kwashe tayoyi da robobi da tarkace daga bakin ruwa, suka mai da abin na shekara-shekara. Ƙungiyar Anacostia Watershed Society, wadda yanzu ta yi suna a wannan aiki, sai a 1989 aka kafa ta. Daga baya gwamnatin birni ta sa harajin santi 5 kan kowace leda a 2010, aka haƙa wani ƙaton rami a ƙarƙashin ƙasa da ya fara aiki a 2018 yana tare ƙazantar magudanai kafin ta isa kogi. Ruwan ya gyaru, ba musu. Da ya gyaru kuma sai masu kuɗi suka gano shi. Da muka zo daidai sansanin sojan ruwa da sabbin benaye, na ga matsayar jirage fes, ruwa mai zurfi, jirage farare tas, mutane na cin abinci a baranda. Tazarar wurin da Seafarers ba ta kai tafiyar sa'a guda a ƙafa ba.

Ba mu kai mahaɗar Potomac ba ya juya. Lokaci.

Mun tarar da matsaya ta cika. Mata sun jera tebura a inuwa, an shimfiɗa takarda, an juye ƙaguwa dafaffiya jajir da yaji, kowa da 'yar gudumarsa ta katako yana fasawa. Wani na soya kifi a tukunyar mai, wasu na buga domino da ƙarfi kamar za su fasa teburin, tsohon kiɗa na tashi daga wata rediyo. Wata dattijuwa da ta ji ni Musulmi ne ta ja ni gefe, ta nuna mini tukwanen da babu naman alade a ciki, ta cika mini faranti da kifi da masara, ta tsaya a kaina sai da ta ga na fara ci. Na tambaya ko kifin na kogin ne, teburin ya fashe da dariya. Daga kasuwa yake. Hukuma na gargaɗi kan cin kifin Anacostia saboda gubar da ke kwance cikin lakar, ko da yake a hanya na ga masu ƙugiya zaune da bokitansu.

Yara ƙalilan na gani, jikoki ne da aka zo da su, hankalinsu na kan waya. Wannan ita ce damuwa ta biyu da aka yi ta maimaita mini a teburin: masu gashin baƙi ba sa shigowa kamar da. Yanzu doka ba ta hana baƙar fata shiga kowane kulob, mai hali kuma zai fi son ɗaure jirginsa inda zai fita duk sa'ar da ya ga dama. A 2022 an sa Seafarers cikin kundin wuraren tarihi na ƙasa, abin da suka yi murna da shi ƙwarai. Amma yashe kogi aiki ne na miliyoyin daloli, lakar kuma gurɓatacciya ce, ba a kwashe ta a zubar ko'ina, kuma ƙaramin kulob na 'yan fansho ba shi da wannan ƙarfi. Musu ya kaure a kan wa ya kamata ya biya, gwamnatin birni ko ta tarayya. Wani ya ɗaga murya, wani ya buga tebur, kwamado ya ce a bari sai ranar taro.

Kafin la'asar ruwa ya janye, jirgin da muka hau ya jingina gefe guda a kan taɓo. Dattijon ya cire hula, ya sake kifawa cikin ramin injin, don wai ya ji wani ƙara a hanya da bai gamsu da shi ba. Ɗan yayata, wanda ya ce babu abin kallo, shi ke riƙe da tocila, sai da na yi masa magana sau biyu kafin muka kama hanya.