Takalmin direban babbar mota da kayan aikinsa: abin da muke dubawa a shagonmu na garin Tawa a Nijar

Takalmin da ya dace da magini ba lalle ne ya dace da direban babbar mota ba, ko da yake a kasuwa suna ɗaya ake kiran su da shi, wato takalmin kariya. Magini yana wuni a tsaye cikin tsakuwa da ƙusoshi, saboda haka nauyin takalmi da taurinsa ba su dame shi sosai ba. Direba kuwa yana wuni a zaune, ƙafarsa tana kai da komo tsakanin totur da birki da kuloci, sannan ya sauko wurin lodi inda buhu ko ƙarfe zai iya faɗo masa a yatsu. Wanda ya ɗauko siminti daga Malbaza ko albasa daga Galmi, ya biyo ta Tsarnawa ya ratsa Tawa, ya kama hanyar Abalak da Agadas har Arlit, yana bukatar takalmin da zai bar shi ya ji birki a tafin ƙafarsa, kuma ya tsare masa yatsu idan ya sauka. Haɗa waɗannan biyu a takalmi ɗaya shi ne aikin da shagonmu ya tsaya a kai.

Ba mu muke ƙera takalmi mai ƙarfe a baki ba, domin wannan aikin masana'anta ne mai injinan gwaji. Mu zaɓa muke yi, mu gwada wa mutum, mu ƙarfafa ɗinki, mu sake shafi da tafi idan sun ƙare, riga da wando kuwa mu muke yankawa mu ɗinka. Takalmin gaske yana ɗauke da lambar EN ISO 20345 a cikin harshensa, kuma ma'anarta ita ce murfin yatsu zai jure bugu daidai da na kaya mai kilo 20 da ya faɗo daga tsawon kusan mita ɗaya. Bayan wannan lamba akwai aji. S1P yana da shimfiɗa a ƙasa wadda ke hana ƙusa hudawa, kuma yana barin ƙafa ta sha iska. S3 yana da wannan shimfiɗar, ya kuma ƙara da hana ruwa shiga. Mutane da yawa suna ganin uku ta fi ɗaya sai su nace a kan S3, amma ni ga direban da aikinsa ke tsakanin Adar da arewa, inda damina gajeriya ce kuma zafin watan Afrilu da Mayu yake kaiwa digiri 45, S1P nake ba shi shawara, domin fatar da ke hana ruwa shiga tana rage fitar gumi. S3 na masu gangarawa bakin teku ne, irin waɗanda ke zuwa Lome ta Burkina Faso tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin ta Gaya a 2023, su kwana a tashar jiragen ruwa cikin ruwan sama da taɓo.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne tafin takalmi. Akwai wani tafi mara nauyi mai laushi da ake rubuta wa PU, yana da daɗin takawa, amma idan ya daɗe a ajiye, musamman a wuri mai raɓa, sai ya mutu daga ciki alhali a waje yana nan kamar sabo. Direba ya sa shi ya kama hanya, kafin ya kai Agadas tafin ya fara marmashewa. Shi ya sa duk kayan da aka kawo mini sai na nemi ranar da aka yi su, wadda galibi ake bugawa a tafin ko a harshen, in lanƙwasa tafin da hannu, in danna shi da farce. Abin da na fi amincewa da shi shi ne tafin roba mai jure man dizal da baƙin mai, kuma idan yana da alamar HRO to an gwada shi a kan zafin digiri 300 na minti ɗaya, wanda ya wadatar ga kwalta da ƙarfen bodi da tsakar rana. Diddige kada ya yi tudu, kuma tafin kada ya yi faɗin da zai kama birki da totur lokaci guda.

Babban abin da ke ci mini rai a wannan sana'a shi ne jabu. Ana shigo da takalma masu ƙyalli an buga musu S3 da manyan haruffa, amma murfin yatsun wata siririyar roba ce da ke lotsawa idan mutum ya hau ta da diddige, fatar kuma ba fata ba ce, leda ce aka yi wa fenti. Wani dillali ya taɓa aiko mini da samfur mai kyau, da kayan suka iso sai na tarar an cakuɗa su da irin waɗannan, na mayar masa da su gaba ɗaya. Abin takaicin shi ne direba zai zo ya ɗaga nawa ya ce, “Maigida, ai na ga irinsa a tasha rabin wannan kuɗi.” Sai in ce masa, “Alhaji, je ka kawo shi mu taka bakinsa tare.” Na ajiye ɗaya daga cikin jabun na tsaga shi biyu a kan teburi domin kowa ya ga abin da ke ciki da idonsa.

Sanin fata a wurin kawuna na same shi, baduku ne da ya yi suna wajen takalman fataken Adar. Kafin ya bar ni in riƙe basilla sai da ya sa na daɗe ina raka shi majema, inda ake jeme fata da bagaruwa, ina koyon bambanta ƙirgin da ya jemu har ciki da wanda aka cire da wuri. Yakan naɗe fata ya matse ta, idan fuskar ta tsage ya ajiye ta gefe ba tare da ya ce uffan ba. A wurinsa na koyi cewa fatar bayan sa ita ce ta jikin takalmi, ta wajen cikin san kuwa tana miƙewa, kuma fatar jar akuyar Maradi, saboda laushinta da ƙarfinta, babu kamarta wajen shafi. Har yau da ita nake shafe diddigen takalmi idan ya cinye, kuma har yau da hannu nake zagaye tafi da zare mai kakin zuma, domin danƙo kaɗai ba ya riƙe tafi a zafin ƙasar nan.

Gwaji ma yana da ƙa'ida. Na fi son direba ya zo da la'asar bayan ya wuni a mota, domin ƙafa tana kumbura da zama, kuma ya zo da safar da zai riƙa sawa, ta auduga mai kauri. Ya kamata a sami sararin faɗin yatsa ɗaya tsakanin babban yatsa da bakin takalmi. Fata tana sakewa da amfani, amma murfin yatsu ba ya sakewa har abada, don haka wanda ya matse ka a shago zai matse ka a hanya. Ina zaunar da mutum a kujera in sa ya motsa ƙafa kamar yana taka birki. Idan wuyan takalmin ya riƙe masa idon sawu, sai mu koma mai matsakaicin wuya. Ga wanda ƙarfe ke yi wa nauyi akwai murfin da ba na ƙarfe ba, wanda ya cika ƙa'idar nan, kuma ba ya ɗaukar zafi.

Akwai wani abu da masu ƙera takalman nan ba su yi lissafi da shi ba, wato alwala. Direbanmu yana cire takalmi sau da yawa a rana, kuma idan ɗaure igiya ya gundure shi sai ya jefa takalmin bayan kujera ya ci gaba da tuƙi da silifa, wadda ke iya zamewa ta maƙale ƙarƙashin birki. Saboda haka nake neman masu zif a gefe, kuma idan zif ya lalace muna canja shi. Ina roƙon kowa ya tsane tsakanin yatsunsa kafin ya mayar da safa, domin danshin nan ne ke kawo ƙaiƙayi da tsagewar fata.

Game da tufafi, yadin kaki na auduga muke yankawa. Yadin roba yana da araha kuma ba ya yamutsewa, amma yana riƙe gumi, yana narkewa ya manne a jiki idan ya gamu da wuta, yana kuma tara lantarkin da ke iya yin tartsatsi, abin da ya sa ba na ɗinka shi ga masu tankar mai da ke ɗauko kaya daga matatar Damagaram ko da sun nema. Wandon direba a zaune ake auna shi: muna ɗaga bayan ƙugu, mu sa ƙari a tsakanin cinyoyi don kada ya yage wajen hawa, mu mayar da aljihu gefen cinya domin na baya yana danne mutum, mu ninka yadi a gwiwa saboda canjin taya, kuma kowane ɗinki layi biyu ne. Riga mai dogon hannu ce, domin ƙurar siminti idan ta haɗu da gumi tana ƙona fata, kuma muna ɗinka mata zirin nan mai walƙiya a ƙirji da baya don wanda mota ta lalace masa da dare. Yaran mota su suka fi kowa bukatar wannan, su ne ke ɗaure tampol da sa waigi da shiga ƙarƙashin mota, amma su ne ake bari da riga ta gwanjo da silifa. Duk maigidan da ya zo yi wa kansa sayayya sai na tambaye shi ina yaronsa.

Wanda ya sayi takalmi a wurinmu ina gaya masa ya kakkaɓe ƙura, ya shafa man kaɗe kaɗan, kada ya kusance shi da baƙin mai, kuma idan ya jiƙe a inuwa zai shanya shi bayan ya cire shimfiɗar ciki. Idan tafi ya suɗe ya kawo mu sake masa. Amma takalmin da kaya mai nauyi ya taɓa faɗa wa a baki ba ma gyara shi, ko da ba a ga lotsawa ba, domin murfin ya riga ya raunana, kuma sabo muke cewa a saya.