Ranar da muka taka keke daga Jos har Vom

Asabar ɗin da ta wuce ana idar da sallar asuba ni da abokina muka hau kekunanmu muka kama hanyar Bukuru. Tun daren Juma'a Umma take ta faɗin "wai me za ku je nema a ƙauyukan nan ne, in yawo kuke so ba ga Rayfield nan kusa ba?" Wallahi ban ga laifinta ba, duk wanda ya ga rikice-rikicen da aka yi a garin nan a 2001 da 2008 da 2010 ya san abin da ke ran uwa in ta yi irin wannan maganar. Amma ni a Jos aka haife ni, na haura talatin, kuma in ba ta tagar mota ba ban san Kuru ba ban san Vom ba, abin nan ya daɗe yana ci min rai.

Sanyi kam mun sha shi. Garin da ke kan tudu sama da mita 1,200, ga hunturu ya fara shigowa, kafin mu kai Bukuru yatsuna sun ƙage ko birki da kyar nake matsawa. Muka tsaya wajen mai shayi muka sha mai kauri da biredi da wainar ƙwai, sai da rana ta ɗan leƙo sannan muka ci gaba.

Bayan Bukuru ne tafkunan kuza suka fara bayyana. A mota sai dai ka ga ruwa ya gilma, amma a keke dole ka tsaya, ka jingine shi, ka hau tulin jar ƙasar da ke gefe ka leƙa. Ruwa shiru kore shar, bakinsa a tsaye kamar an yanka da wuƙa. Ba Allah-ya-yi ba ne, ramuka ne da kamfanonin Turawa suka haƙa suna kwasar kuza, saboda kuzar ne ma jirgin ƙasa ya iso Jos daga Zariya a 1914. Kakana daga ƙasar Kano ya zo aikin nan yana saurayi, kwano a kai, ya ɗebo ƙasa daga ƙasan rami ya hauro da ita daga safe har yamma. Yakan ba mu labarin lokacin yaƙin duniya na biyu, da Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun kuza sai aka juyo kan Filato, daga 1942 aka riƙa kwaso mutane daga lardunan Arewa aikin tilas, da yawansu ba su saba da sanyin nan ba, ba bargo ba abinci isasshe, wasu a nan aka binne su. Da farashin kuza ya faɗi warwas a 1985 harkar ta durƙushe, aka bar mutanen ƙasar da ramuka a inda da gonakinsu ne. Na tsaya a bakin ruwan nan na yi wa kakana addu'a, na kuma tuna cewa wanda ya ɗauki kwano da wanda aka haƙe wa gona duk ba su ne suka ci ribar ba.

Yanzu dai ruwan yana amfani, ko'ina ka ji ƙarar injin ban-ruwa, tiyo ya miƙe zuwa lambun kabeji da karas da tumatir da dankalin Turawa. Amma don Allah kar wanda ya ce zai yi iyo a ciki, zurfinsu ba na wasa ba ne, sun ci rayuka.

Wajen Kuru muka wuce cibiyar nazarin manufofi ta ƙasa da aka kafa a 1979, ba mu tsaya ba, muka sauka daga kwalta muka bi wata 'yar hanyar ƙasa. Nan ne fa tafiyar ta fara daɗi. Duwatsu a ɗore kan juna kamar wani ne ya jera su da hannu, gidaje da rumbuna a tsakaninsu, kowace gona an kewaye ta da shingen ƙyarana wanda ya fi mutum tsayi. Ban yi nisa ba na ji tayar baya ta yi laƙwas, ƙaya ta shige ta.

Ina tsugune ina ciro tib sai ga wata dattijuwa ta leƙo daga cikin shinge, zaninta duk ƙaiƙayi. Gaskiya gabana ya faɗi, ba don ta yi wani abu ba, sai don abin da muka taso muna ji. Na ce "sannu da aiki Mama." Ta ce "yawwa ɗana, daga ina haka da keke?" Da muka ce daga Jos sai ta riƙe haɓa ta ce "da ƙafafunku?" ta juya ta yi wa wani yaro magana da yarensu na Berom, sai ga shi da roba cike da ruwa don in nemo inda tib ɗin ke yoyo, ga kuma wani ruwan daban a kofi na sha. Na tsoma tib ina murzawa har ƙananan kumfa suka fara tasowa, na goge wurin, na shafa gam, na manna faci, abokina ya buga famfo.

Acca suke gyarawa a tsakar gidan. Ban taɓa ganin yadda ake wahala da ita ba sai ranar, ƙwayar ƙanana kamar yashi, a daka a turmi a sheƙe, a sake dakawa a sake sheƙewa, sannan a wanke ta a ƙwarya ana rairayewa har tsakuwa ta kwanta. Mu da muke saye a mudu muna ƙorafin tsada ba mu san komai ba. Ta zubo mana gwate mai zafi ta ce kar mu ji komai ganye ne kawai da acca, ba nama a ciki, ita da kanta ta fara faɗa tun ba mu tambaya ba.

Can gefe akwai wata 'yar coci ta jar ƙasa da rufin kwano, matan zumunta suna koyon waƙar Lahadi, da Hausa suke rerawa, suna buga tulu da tafin hannu wata na kaɗa kacau-kacau. Ban shiga ba, daga bakin shinge na tsaya, amma muryoyin nan har yanzu suna kunnena. Da azahar ta yi muka tambayi inda za mu yi sallah, Mama ta sa aka share mana gindin mangwaro aka shimfiɗa buhu, ta kora yara ta ce kar wanda ya gitta ta gabanmu. Da za mu tafi na miƙa mata kuɗi ta ture hannuna, sai ma ta ƙulla min acca a leda. Kalma ɗaya na sani da yarensu, na ce "mafeng", wato na gode, ta yi ta dariya tana maimaitawa.

Vom ɗin ma ba mu daɗe ba don rana ta fara juyawa. Mun dai ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke nan tun 1924, wadda aka kafa saboda cutar bushiya da ta riƙa ƙarar da shanun Fulani, yau cutar babu ita a duniya gaba ɗaya tun 2011. Muka juyo ta kwalta don mun yi alkawarin magariba a gida za ta same mu, kuma duk mai son zuwa ina roƙonsa ya yi haka, ya tambayi lafiyar hanya kafin ya fita, kar ya tafi shi kaɗai, kar ya shiga gonar kowa sai da sallama.

Na shigo gida cinyoyina na rawa na ajiye ledar a gaban Umma. Ta kwance ta ɗebi accar a tafin hannu tana dubawa, ta ce wannan wankakkiya ce ba tsakuwa ko ɗaya, waye ya ba ka? Na kwashe labari na faɗa mata. Ta yi shiru jim, sannan ta ce in za ka koma ka faɗa min tun da wuri, in yi mata dubulan da daddawa ka kai mata.