Na'urar da ke yi mini tsiya da tsakar dare

Daren Talata, wajen ƙarfe 1, an ɗauke wuta, zafi ya hana ni runtsawa. Na jawo waya na buɗe manhajar chess, darar Turawan nan da ƙanena ya koya mini shekara uku da suka wuce. Ba da mutum nake bugawa ba, da kwamfuta ne, irin 'yan wasan da ake zana wa fuska a laƙaba musu suna. Wasa bai yi nisa ba na ajiye sarauniyata a bakin dokinsa. Ya lamushe ta. Sai ga rubutu a gefen hotonsa, wai ya gode da kyauta, ko da saura?

Tsakin da na ja ya tayar da maiɗakina. Ta ce, "Malam, kai da wa?" Na ce ni da waya. Ta ce Allah ya kyauta, ta juya.

Abin ya tsaya mini a rai, alhali ni ba baƙon tsiya ba ne. A ƙofar gidan kawuna a Zariya na taso ina kallon dara, gurbi 30 a ƙasa, kowa da 'ya'yansa 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. A wurin nan ba a cinka a yi shiru. Wanda ya jera uku sai ya doka tsinke da ƙarfi ya ce, "Tashi ka ba manya wuri, je ka taya mata tsintar shinkafa." 'Yan kallo su ɗauka da shewa. Abin da na'urar ta faɗa mini bai kama ƙafar wannan ba. To me ya sa nata ya fi yi mini ciwo?

Ramuwa ce babu. Bakano ya tsokani Bazazzagi, Bafulatani ya zolayi Babarbare, taubasai su yi ta yankar juna, jika ya ce wa kakarsa ta tsufa ta ƙi tafiya, duk ana dariya ne domin kowa na da bakin mayarwa, in ba yau ba gobe. Kawuna idan aka ci shi sai ya ce hasken yamma ne ya kashe masa ido, a yi mako ana tuna masa. Ita kuwa na'ura na taɓa cinta, sau biyu ma, kuma na ƙirga. Ta taya ni murna cikin ladabi, aka sake jera 'ya'ya, ta dawo da gatsenta kamar ba a yi komai ba. Ba ta ji kunya ba, ba ta nemi uzuri ba, ba ta ma san ni ne na jiya ba. Daɗin ci ya tafi a banza.

Amma ba zan ce mutane ba sa so ba. A watan Janairun 2023 shafin Chess.com ya fito da Mittens, 'yar wasan kwamfuta mai siffar 'yar kyanwa da dara-daran idanu, aka rubuta mata makin gwaninta 1 kacal, alhali Martin, ɗan wasan kwamfutan da 'yan koyo ke gwada hannu a kansa, 250 gare shi. Ashe dodo ce. Tana ragargazar mutum tana yi masa baƙar magana. Hikaru Nakamura, ɗaya daga cikin gwanayen duniya, da kyar ya samu canjaras da ita, Magnus Carlsen kuwa, zakaran duniya a lokacin, ƙin zama ya yi. Duk da haka jama'a suka yi ta rububin zuwa a lallasa su, suna ɗaukar hoton tsiyar suna watsawa. Duka idan na gayya ne, ba ya zafi sosai. Ni kuwa ni kaɗai ne a ɗaki, cikin duhu.

Shirun ma ba sauƙi ne da shi ba. Kwamfutar Deep Blue da ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a New York a 1997 ko uffan ba ta ce masa ba, amma ya tashi a fusace, yana zargin da hannun mutum a wasan.

Wani zai ce gatsen na'urar rashin kunya ne, amma ni dai ban yarda sunansa ke nan ba. Mara kunya ya san ka, ya san girmanka, ya zaɓi ya taka. Wannan kuwa wani ne ya zauna a ofis ya rubuta jimloli, aka ce duk lokacin da sarauniya ta faɗi a jefo ɗaya. Abin da ta gaya mini shi za ta gaya wa wani a Indiya cikin minti guda.

Inda na ja layi shi ne kan 'yata mai shekara 9. Ran nan ta kawo mini wayar, ido ya ciko, ta ce, "Baba, me ya sa yake yi mini dariya?" Na yi bayanin ofis da jimloli, ba ta gamsu ba. Na mayar da ita wani shafin chess mai suna Lichess, inda ɗan wasan kwamfutarsa Stockfish ke da mataki 1 zuwa 8 kuma bakinsa alaikum.

Ni ban sauya ba. Na dai koyi ramawa da baki, ko ba ta ji. Jiya na ritsa sarkinta da doki, na ce, "Tashi ka ba manya wuri!" Maiɗakina daga kicin ta ce, "Ka ci ne?" Na ce saura kaɗan. Ba a yi minti biyar ba ta cinye dokin.