Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Kokwambar Bayan Ɗaki

A makon jiya na tsaya ne a daidai lokacin da Baba ya dawo zama wurinmu, bayan likitoci sun ce idonsa na hagu ya tafi, na dama kuma yanar ido ta rufe shi. Masu bin labarin nan sun san ko wane ne Baba: mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa da ƙarfinsa a gona, wanda rana ba ta taɓa fitowa ta same shi a kan shimfiɗa ba. Yanzu ga shi a gidan haya, ba abin yi sai zama a kujera da sauraron rediyo. Abinci ma sai an yi ta lallashi. Abin ya tsaya mini a rai, domin ina ganin mahaifina yana zubewa a gabana, kuma na san ba ciwon ido ne kaɗai ke cin sa ba.

A bayan ɗakin girki akwai wani ɗan fili, faɗinsa bai wuce mita 3 ba, tsawonsa mita 4, inda waɗanda suka riga mu zama a gidan suke jibge tarkace. Tun kafin zuwan Baba na share shi, na tsince duwatsu da fasassun kwalabe, na yi fangali biyu na latas da alayyahu, ga tumatir a cikin tsofaffin bokitai da na huhhuda gindinsu. Ranar da na riƙo hannunsa na kai shi wurin, ya durƙusa ya ɗebi ƙasar, ya murza ta a tsakanin yatsunsa, ya kai hanci ya shinshina. Ya ce, "Uwata, ƙasar nan ba ta da laifi. Yunwa take ji." Tun zuwansa gidan, wannan ce magana ta farko da na ji ya yi da muryarsa ta da.

Wuri ya riga ya ƙare a ƙasa, saura jikin katanga, inda rana ke bugawa tun safe har bayan azahar. Shi ya sa na zaɓi kokwamba, tunda ita hawa take yi idan ta sami abin kamawa, kuma tana son ranar da ba ta gaza awa 6 ba. Baba bai taɓa noma ta ba, amma da ya laluba irin ya ce ai wannan 'yar gidan su kabewa da kankana ce, ya san halin danginta. Babban ɗana ya duba a waya ya karanta masa cewa asalinta daga ƙasar Indiya ne, an fi shekara 3,000 ana noma ta, kuma a yau ƙasar Sin ce ke noma mafi yawan wadda ake ci a duniya. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "To, 'yar zafi ce da ruwa. Ku riƙe wannan."

Shi ya tsara aikin, mu muka yi. Aka haƙa ƙasar aka cakuɗa ta da takin da ya ruɓe sarai, don ɗanyen taki ƙone saiwa yake yi. Ya hana a yi reno a wani wuri a dasa, ya ce saiwar wannan dangi ba ta son a taɓa ta. Aka shuka iri bibbiyu a kowane rami, zurfin kamar santimita 2, tsakanin rami da rami kamar santimita 30. Kafin mako ya zagayo sun tsiro. Inda biyun suka fito, sai a datse mai rauni da almakashi daga sama, ba a tuge shi, don kada a girgiza saiwar ɗan'uwansa. Mijina ya kafa gora, ya ɗaura igiyoyi daga ƙasa zuwa sama, tsayin kamar mita 2.

Abin da ya fara fito da Baba daga ɗaki da kansa shi ne waɗannan siraran zare da yaɗon yake miƙawa yana neman abin kamawa. Kullum da safe sai ya bi igiyar da yatsa har ya same su. Shi ya fara nuna mini abin da ni mai ido biyu ban lura da shi ba: idan zaren ya kama igiya, sai ya murɗe, amma murɗin ba gefe ɗaya yake bi ba. Rabinsa ya juya dama, a tsakiya ya ɗan miƙe, sauran rabin ya juya hagu. Da haka yake jawo jikin shukar kusa da igiyar, kuma idan iska ta taso sai ya buɗe ya koma, bai tsinke ba. Na tsuguna na daɗe ina kallo, shi kuma yana murmushi don ya san na gani.

Sai fure ya zo, rawaya shar, ya cika yaɗon. Muka yi ta murna. Amma furen yini ɗaya yake yi ya faɗo, gobe wani ya buɗe ya faɗo, ba ko ɗa ɗaya. Wata maƙwabciyata ta leƙo ta ce ƙwari ne, in sayo magani in fesa. Baba ya ce kada a fesa komai, a tsinko masa fure ɗaya. Ya laluba bayansa ya ce, "Wannan namiji ne. Kawo wani." Duk wanda na kawo, namiji. Ya bayyana mana cewa jikin shuka ɗaya yana fitar da fure iri biyu. Mazan su ke riga fitowa, da yawa, kowanne a kan siririn tsinke, aikinsu kawai su ba da garin fure su faɗi. Matan sai daga baya, kuma ana gane su ne da 'yar ƙaramar kokwamba da ke bayan furen tun kafin ya buɗe, kamar ɗan yatsan jariri. Ya ce mu yi haƙuri, suna tafe.

Sun kuwa zo. Sai dai wata matsalar ta biyo baya: 'yar kokwambar sai ta yi rawaya ta yanƙwane ta faɗi, waɗanda suka tsaya kuma su fito a karkace, gefe ɗaya kauri, gefe ɗaya tsuke. Baba ya tambaye ni, "Uwata, kina jin kukan ƙudan zuma a wurin nan da safe?" Na ce a'a. Ya ce shi ma kunnensa bai taɓa ji ba. Garin furen kokwamba yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa, sai ƙwaro ya ɗauko shi daga namiji ya kai wa mace, kuma zuwa ɗaya ba ya isa, sai an yi ta zuwa kafin 'ya'yan cikin su kama duka. Inda bai kai ba, nan ne kokwambar ke tsukewa. Ɗan fili ne a tsakanin katangu, ga gidaje kewaye ana ta feshin maganin ƙwari, ina zuma za ta zo?

Daga ranar muka zama ƙudan zuman da kanmu. Furen mace yini ɗaya yake buɗewa, kuma da safe ya fi karɓa. Sai in tsinko namijin da ya buɗe a safiyar, in cire rawayen ganyayen da ke kewaye da shi, ya rage ɗan tsinken tsakiya mai gari, in goga shi a hankali a tsakiyar furen mace. Ni ke gani, shi ke tambaya: "Kin duba ƙasan ganyen can? Suna ɓuya." Cikin 'yan kwanaki sai ka ga wadda aka goga wa ta kumbura ta miƙe. Mun kuma bar ɗoɗɗoya ta yi fure a gefen fangali, kuma a hankali zumar ta gano wurin. Ga mai son gwadawa, ya karanta abin da aka rubuta a jikin takardar iri, domin akwai irin da aka samar don noman rumfa wanda yake yin 'ya'ya ba tare da wannan aiki ba.

Kokwamba ba ta da jinkiri, tsakanin kwana 50 zuwa 70 daga shuka ake fara ɗiba. Dokar Baba ita ce a yanke ta da wuƙa tun tana kore shar, ba a fizga, kuma ba a barin ko ɗaya ta tsufa a jiki. Idan ɗaya ta yi rawaya 'ya'yan cikinta suka ƙosa, uwar sai ta rage fure, tunda irin da take nema ta samu. Gwargwadon ɗibarka, gwargwadon haihuwarta. Har maƙwabciyar nan ta sami rabonta.

Ana cikin haka aka ba mu ranar aikin idon Baba na dama, za a cire yanar. Ni na zauna da shi a asibiti, kuma lokacin ya faɗo a tsakiyar wani zafi mai tsanani. Yara sun yi iya ƙoƙarinsu, ga makaranta ga aikin gida: yau su tuna su malala ruwa har ya kwanta, gobe da jibi ƙasa ta bushe ta tsage. Da muka dawo na yanko ɗaya na sa a baki, ɗaci kamar me. Na tofar.

A nan zan ɗan tsaya, don na sha jin mutane suna zagin iri ko mai sayar da iri idan kokwambarsu ta yi ɗaci, kuma galibi ba laifinsu ba ne. Akwai wani sinadari mai ɗaci da ake kira kukubitasin, wanda dama yana cikin ganye da jijiyar wannan dangi, kariya ce daga masu cin su. Idan shukar ta sha wuya, ƙishirwa ko zafi ko ruwan yau akwai gobe babu, sai ya yawaita a cikin ɗan, musamman ta wajen gindi inda yake maƙale da uwar, da kuma ƙarƙashin ɓawo. Kusan kashi 95 cikin 100 na kokwamba ruwa ne, saiwarta kuma ba ta nisa a ƙasa, don haka ƙishirwar yini biyu a wurinta babban abu ne. Mai ɗan ɗaci kaɗan, a yanke gindin a fere ɓawon, sauran zai ciwu. Wadda ɗacinta ya yi yawa a zubar, domin tana iya ɓata ciki.

Baba, da bandeji a ido, daga kan kujera ya ba da umarni. A yanke duk manyan da ke jiki. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin kowace shuka don ƙasa ta riƙe laima. Ban ruwa da sassafe, a gindi, ba a kan ganye ba. Kafin a zuba, a tura yatsa cikin ƙasa, idan gaɓar farko ta fito a bushe a ba ta ta ƙoshi. Waɗanda suka biyo baya suka fito garas, ba ɗaci ko kaɗan.

Safiyar da aka ba shi izinin fita haske, bai tsaya ko'ina ba sai bayan ɗaki. Ya sunkuya a kan wani furen mace, ya ɗaga shi da ɗan yatsa, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Ashe 'yan ƙayoyin nan da nake ji a jikinta farare ne." Ni dai na juya baya na share hawaye, don ba na so ya gani, yanzu da yake gani.

Zuwa ƙarshe farin gari ya fara bayyana a tsofaffin ganyen ƙasa, cutar da ke kama wannan dangi inda iska ba ta ratsawa. Muka riƙa cire ganyen da ya kamu muna fitar da shi daga lambun. Darɓa ma ta taru a ƙarƙashin sababbin ganye, muka wanke ta da ruwan sabulu marar ƙarfi da yamma, lokacin da zuma ta tafi. Da yaɗon ya gaji muka tuge shi. Na so in ajiye iri, amma a jikin takardar an rubuta F1, wato irin aure ne, 'ya'yansa ba lallai su ɗauko halin uwar ba. Baba kuma ya ce kada a maimaita kokwamba ko danginta a wannan gurbi, don cutar tana kwana a wurin. Wake mai hawa muka shuka a gindin igiyoyin, tunda shi saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Waken ya kai rabin igiya ke nan mai gidan ya zo da wani magini, suna auna ɗan filin da tef, wai zai ƙara ɗaki. Yadda Baba ya tare su, da abin da ya biyo baya tsakaninsa da mijina, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.