Abin da tukwanen tumatir suka koya mini game da gishirin ƙasa

Aikin bincikena na shekarar ƙarshe a sashen kimiyyar ƙasa a kan tumatir da gishiri na yi shi. Mun shuka tumatir a tukwane, wasu muna ba su ruwan rijiya, wasu ruwan da muka narka gishiri a ciki. Sai mu fesa wa ganyensu ruwan da muka tace daga ɓawon albasa, ɓawon ayaba da ganyen zogale, yawancinsu abin da 'yan kasuwa ke sharewa su zubar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ganin shuka tana yaushi alhali ƙasar tukunyar a jiƙe take sharkaf. Gishirin ne ke riƙe ruwan, saiwa ta kasa jansa. Daga baya sinadarin sodiyam da ke cikin gishirin ya hau cikin ganye, ya ture potasiyam, sinadarin da shuka ke buƙata, daga gurbinsa, bakin ganyen ya fara ƙonewa. A littafi, ƙasa ba ta shiga sahun masu gishiri sai awonta ya kai 4 dS/m (ma'aunin yawan gishiri a ƙasa), amma amfanin tumatir yana fara raguwa tun daga 2.5, albasa kuwa tun daga 1.2. Ke nan manomi na iya yin asara tun kafin ya ga farin ɓawo a saman kunya.

Feshin yana aiki, gwargwadonsa. Ganyen zogale na ɗauke da ziyatin, sinadarin da ke sa tsiro ya ci gaba da girma kuma ganye ya daɗe bai tsufa ba. Ɓawon albasa na da kwasetin, mai rage ɓarnar da gishiri ke yi a cikin ƙwayoyin ganye. Ayaba kuwa potasiyam ne arzikinta. Sai dai awo ne komai: ruwan zogale akan tsarma shi kashi ɗaya cikin kusan talatin na ruwa, kuma wanda ya ce bari ya zuba mai kauri don ya fi ƙarfi, ganyensa zai ƙona.

Inda nake rabuwa da masu zuzuta wannan dabara shi ne ba ta cire ko ƙwayar gishiri ɗaya daga ƙasa. Juriya kawai take ƙara wa shuka, kuma tukunya a ɗakin gwaji ba gona ba ce. A filayen noman rani irin na Kadawa a jihar Kano, inda magudanar ruwa ta toshe, ruwan ban-ruwa yakan kwanta, rana ta shanye shi, gishirin ya rage a sama. Manoma kan ce gona ta yi kanwa. Maganin wannan shi ne a yashe magudana, a wanke ƙasar da ruwa mai kyau har gishirin ya sauka ƙasa da saiwa, a zuba takin gida, inda sodiyam ya daskarar da ƙasa kuma a nemo jibsam, wani farin ma'adini da ke sassauta irin wannan ƙasa. Bayan an yi wannan ne feshin zogale zai taimaki dashen tumatir a makonninsa na farko, lokacin da gishiri ya fi cin ƙarfinsa.